Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya kan yaran da suka tashi daga ciwon daji suka dawo gida da lalurar mafitsara

Zuwa ga Maigirma Ministan Kiwon Lafiyar Al'umma, Yamai,
ta hannun Daraktan Kiwon Lafiya na Jihar Maradi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku, ina rubuto wannan wasiƙa ne a madadin wasu iyaye na jihar Maradi waɗanda ciwon daji ya kama ƴaƴansu tun suna ƙanana, aka yi musu magani har da gashin radiyoterapi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura, a mara da ƙugu, Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗunsu. Ba mu da ƙungiya mai rajista, ba mu da ofis ko hatimi. Zaman jinya ne ya haɗa mu muka riƙe lambobin wayar juna, wasunmu a cikin birnin Maradi suke, wasu a Tasawa, wasu a Madarumfa da Gidan Rumji. An ɗora mini rubutun ne saboda na yi aikin koyarwa, kuma ɗana yana cikin yaran da maganar ta shafa.

Ranku ya daɗe, ba mu manta da abin da aka yi ba. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. A 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a ƙasar nan, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, alhali kafin nan duk wanda likita ya ce sai an yi masa gashi, to sai ya ƙetare iyaka ko ya koma gida ya zuba wa sarautar Allah ido. A 2024 kuma aka rage kuɗin jinya da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙarfi fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da ciwon daji ya kama suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba sa kai kashi 30, shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin da ke neman a kai aƙalla kashi 60 nan da shekarar 2030. Idan Allah ya sa Nijar ta doshi wannan adadi, ma'anarsa ita ce kowace shekara yara irin namu za su ƙaru a Dakoro da Mayahi da Gazawa. Kukanmu shi ne, ranar da aka ce wa uba ɗansa ya warke, daga ranar babu wanda aka ɗora wa alhakin ya bi sawun abin da maganin ya bari a jikin yaron.

Ku gafarce ni in ɗan bayyana lalurar, domin wasiƙar nan iyaye ma za su karanta ta. Akwai ciwon daji na tsoka da ke fitowa a mafitsarar yaro ko kusa da ita, wanda likitoci ke kira rabdomiyosarkom, akwai na ƙashin ƙugu, akwai kuma waɗanda ke tsirowa a ƙasan gadon baya. Idan za a gasa irin wannan ƙari, da wuya hasken ya kauce wa mafitsara, domin ko dai a jikinta ƙarin yake ko a maƙwabtanta. Zafin fitsari da yawan fita da ake gani a makonnin gashin yakan lafa, iyaye su ɗauka an wuce wurin. Amma hasken yana taɓa ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da bangon mafitsara, a hankali su tsuke, naman ya riƙa zama tabo, kuma wannan aikin ɓoye yana iya ɗaukar watanni ko shekaru kafin ya bayyana, wani lokaci har fiye da shekara goma. Mafitsara lafiyayya kamar sabuwar salka take, tana buɗewa gwargwadon ruwan da aka zuba mata. Wadda gashi ya taɓa kuwa takan zama kamar salkar da ta bushe a rana, ba ta ɗaukar da yawa, kuma da ta ɗan cika sai matsi ya yi yawa a cikinta. Ga yaro abin ya fi muni, domin ana sa ran mafitsararsa ta girma tare da shi. Likitocin yara suna da lissafi mai sauƙi: a ƙara 1 a kan shekarun yaro, a ninka da 30, abin da ya fito shi ne mililitar da ya kamata mafitsararsa ta riƙe. Ɗan shekara 9 ke nan ya kamata ya riƙe kamar mililita 300. Ɗana yana wannan shekarun muka yanke gorar ruwa, muka yi mata alamu da biro, muka riƙa auna fitsarinsa kamar yadda wani likita ya koya mana, bai taɓa kai layin 100 ba.

Ba gashi kaɗai ke wannan ɓarna ba. Yawancin yaran nan an haɗa musu da kimiyo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, kuma biyu daga cikin magungunan da aka fi ba su, siklofosfamid da ifosfamid, suna fitar da wani sinadari ta fitsari wanda ke ƙona bangon mafitsara har ya yi jini, shi ya sa ake ba da su tare da ƙarin ruwa mai yawa da wani magani mai kariya da ake kira mesna. Wanda ya sha kimiyon nan kuma aka gasa masa mara, haɗarinsa ya fi na wanda aka yi wa ɗaya. Ina so a fahimce ni da kyau a nan: babu ɗaya daga cikinmu da ke da-na-sanin yarda da magani, kuma ba kowane yaron da aka gasa ke samun wannan lalura ba. Da ba a yi gashin ba, da yawancinmu yau kabari muke ziyarta.

Kukanmu na farko, wanda sauran duk daga gare shi suka samo tushe, shi ne rashin takarda. Yaro yakan yi watanni ana masa magani mai nauyi, a sallame shi, abin da ke hannun uwarsa bai wuce ƴan takardun sayen magani da katin ranar dawowa ba. Babu shafi ɗaya da ya faɗi sunan ciwon, da wurin da aka gasa, da yawan hasken da aka ba shi a ma'aunin da suke rubutawa Gy, da sunayen magungunan kimiyo da adadinsu, da ko an taɓa mafitsarar da wuƙa. Alhali haɗarin da ke gaban yaron a kan waɗannan bayanai ya rataya, domin gwargwadon yawan hasken da faɗin wurin da ya taɓa, gwargwadon abin da za a ji tsoro. Mu mutanen Maradi muna da ƙarin matsala da mai zaune a Yamai bai cika tunawa da ita ba. Katsina da Kano sun fi kusa da mu, kuma da yawa daga cikinmu, musamman kafin 2021, Zariya ko Sakkwato muka kai yaranmu gashi. Mun dawo da takardu cikin Ingilishi, mun miƙa wa malamin asibitin da ya yi karatunsa da Faransanci, ya jujjuya su ya mayar mana. Wasu kuwa takardun ma gara ta cinye ko ruwan damina ya tafi da su, uwa ta rage tana cewa an dai sa shi cikin wata na'ura, ba ta san fiye da haka ba.

Na biyu shi ne fitsarin jini. A ƙasarmu idan yaro ɗan makaranta ya yi fitsarin jini, kowa tsargiya zai ce, kuma sau da yawa gaskiya ce, domin yaranmu suna wanka a gulbi da tafkuna, tafkin Madarumfa kuwa ba baƙo ba ne ga kowa a nan. Malaman asibiti sun saba, maganin firazikwantel yana nan a hannu, har a makarantu ake raba shi. To amma yaron da aka gasa wa mara, jininsa yana iya fitowa daga wasu siraran jijiyoyi masu saurin fashewa da ke bayyana a bangon mafitsara bayan gashi, kuma wannan babu ruwansa da tsutsar tsargiya. Ranar da na fara ganin jini a fitsarin ɗana, da asuba ne, a cikin ɗan fo ɗin da muke ajiye masa a gefen katifa, launinsa kamar ruwan wankin nama, da wasu ƴan gudaji a ƙasa. Na kai shi wani ƙaramin asibiti, mai duba shi bai ɗaga rigarsa ya ga tabon aikin da ke mararsa ba, bai tambayi ko ya taɓa wata doguwar jinya ba, ya auna tsawonsa ya ba mu ƙwayoyi. Da jinin ya dawo, aka ce ya koma gulbi ne, yaron da ko ƙofar gida ba ma bari ya yi nisa da ita. Ba na ganin laifin mutumin sosai, abin da aka koya masa ya yi. Amma jinin nan yakan daskare ya toshe hanya, yaro ya kwana yana murƙususu mara a kumbure, sai an sa masa roba an wanke mafitsarar. Yana kuma iya janyo ƙarancin jini ga yaron da dama bai gama murmurewa ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali, gashi da siklofosfamid suna ƙara haɗarin ciwon dajin mafitsara nan gaba, tsargiyar da ta daɗe ita ma haka, saboda haka yaron Maradi da ya haɗa maganin daji da tsargiya bai kamata a sallame shi da ƙwaya ba tare da an duba fitsarinsa a madubin awo ba.

Na uku ya fi kowanne haɗari saboda ba ya ihu. Idan mafitsara ta ƙanƙance ta taurare, matsin cikinta yana hana fitsari saukowa daga ƙoda yadda ya kamata, wani lokaci ma ya koma sama. Haka kuma tabo yana iya tsuke bututun da ke kawo fitsari ko wanda ke fitar da shi. Ƙoda ta riƙa kumbura a hankali, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, yaro ya yi ta zazzaɓi ana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, shekara ta bi shekara, sai ranar da aka ga ƙafa ta kumbura ko jini ya hau a gano ƙodar ta riga ta tafi. Maigirma Minista, ku kun fi mu sanin abin da wankin ƙoda ke ci wa gwamnati da iyali, da kuma ƙarancin na'urorinsa a ƙasar nan. Abin da zai hana a kai can kuwa ba shi da tsada: tambayoyi kan yadda yaro ke fitsari, awon fitsari, awon hawan jini, awon aikin ƙoda a jini, da hoton eko na ƙoda da mafitsara kafin fitsari da bayansa. Duk waɗannan ana yin su a manyan asibitocin Maradi. Abin da babu shi ne umarnin da ya ce a yi wa waɗannan yara su a kai a kai, da wanda zai kira uba idan ranar ta wuce bai zo ba. Komawa Yamai don wannan duba ba ƙaramin abu ba ne, tafiyar fiye da kilomita 600 ce ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, da yaron da ba ya iya riƙe fitsari na sa'a ɗaya, a motar da ba za ta tsaya dominsa ba. Sannan ga maganar shekaru: kyautar jinya tana ƙarewa a shekara 5, lalurar nan kuwa yawanci bayan nan take fitowa, a daidai lokacin da iyali suka riga suka sayar da gona da bisashe a jinyar farko.

Na huɗu ba a ganinsa a awon jini. Yaron da ke neman fita sau da yawa kafin a tashi tara, malami yakan ɗauka wasa yake, ya hana shi, ya jiƙe wando a gaban ƴan aji, daga ranar ya samu sunan da zai bi shi har girma. Ɗan shekara goma da ke fitsarin kwance yana shan duka a gidajen da ba a gaya wa iyaye cewa ba da gangan yake ba. Na san yarinyar da ta daina shan ruwa tun daga safe har a tashi makaranta don kada ta ji kunya, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, alhali ƙarancin ruwa yana sa fitsari ya yi kauri ya ƙara cin bangon mafitsara, ya kuma buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta da tsakuwa. A makarantar allo da masallaci kuma yaro yakan ja baya da kansa, yana ganin ba shi da tsarki, duk da cewa malamanmu sun san sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalurar ɗigar fitsari a alwala da salla, sai dai ba a kai maganar kunnen yara ba. Ga ƴaƴa mata abin ya fi ciwo. A garin da aka san yoyon fitsari da matan da suka sha doguwar naƙuda, budurwar da ba ta taɓa aure ba idan aka ji warin fitsari a jikinta, bakin mutane ba ya tsayawa tambaya. Da yawa sukan bar makaranta su shige ɗaki.

Akwai wani sakamako da ya kamata ma'aikatarku ta damu da shi ko da ba don yaranmu ba. Idan maƙwabta suka ga yaron da aka kai gashi ya dawo yana ɗigar fitsari, babu bayani, babu kulawa, labarin da zai bazu a unguwa shi ne na'urar tana lalata yara. Uban da za a ce wa gobe ya kai ɗansa Yamai, wannan labarin zai tuna, ya juya ya nufi wurin mai sassaƙe. Faɗa wa iyaye gaskiya tun farko, tare da nuna musu cewa akwai inda za su je idan lalurar ta taso, shi ne zai sa su yarda da magani.

Saboda haka, cikin girmamawa, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a wajabta wa duk sashen da ke yi wa yaro maganin ciwon daji ya ba iyayensa takarda ɗaya ranar sallama, mai ɗauke da sunan ciwon, da wurin gashi da yawansa, da magungunan kimiyo da adadinsu, da aikin da aka yi, da alamomin da ya kamata a kula da su, da jadawalin duba. A manna ta a karnen lafiyar yaron, wato ɗan littafinsa na asibiti, a ajiye kwafinta a cibiya, a aika wani ga asibitin jiharsa, a kuma karanta wa iyaye ita da Hausa kafin su hau mota. Waɗanda aka yi wa magani a ƙetare, a sa likita ɗaya a Maradi ya karɓi takardunsu ya fitar musu da irin wannan shafi da Faransanci.

Muna roƙon a ware rana, ko da sau ɗaya ne a wata, a ɗaya daga cikin manyan asibitocin Maradi, inda likitan yara da likitan mafitsara za su zauna tare su duba waɗannan yara, da layin waya tsakaninsu da cibiyar Yamai don neman shawara, ta yadda ba za a tura iyali doguwar tafiya ba sai abin ya fi ƙarfin nan. Ba gini muke nema ba, ɗaki ɗaya da rajista da mutum mai alhaki sun isa a fara. Jihar nan ba baƙuwa ba ce a aikin mafitsara, ga cibiyar yoyon fitsari ta Danja da ke aiki tun 2012, ga kuma tsangayar koyon aikin likita a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ɗalibanta za su amfana da bin waɗannan yara da rubuta abin da suka gani, domin ƙasar ta san yawansu da halin da suke ciki.

Muna roƙon a aika sanarwa ga majojin asibitocin karkara da masu rabon maganin tsargiya, ta ƙunshi tambaya ɗaya da za a yi wa duk yaron da ya zo da fitsarin jini ko yawan ciwon mara: an taɓa yi masa gashi ko kimiyo? Idan amsar e ce, a auna fitsarin a tura shi gaba, ko da an ga ƙwan tsargiya an ba shi maganinta.

Muna roƙon a sa duban shekara na waɗannan yara cikin jinyar kyauta har su kai shekara 18, a kuma tanadi kayan da lalurar ke buƙata a kantunan maganin asibitocin jiha. Wasu yaran abin da suke buƙata bai wuce a tsara musu lokutan fitsari, a magance musu taurin bayan gida, a ba su magani irin oksibutinin da ke kwantar da mafitsara ba. Wasu sai an koya musu ko iyayensu sa siririyar roba mai tsabta su zubar da fitsarin da ya rage, hanyar da aka daɗe ana amfani da ita a duniya tun shekarun 1970, amma robar mai girman yara wahalar samu take a nan. Ƴan kaɗan ne za su kai ga babban aikin faɗaɗa mafitsara da yankin hanji, su ma a san inda za a kai su tun kafin ƙoda ta lalace.

Muna roƙon ku yi magana da takwaranku na ilimi, a ba yaro mai wannan lalura takardar likita da za ta ba shi damar fita aji ba tare da neman izini ba, da shiga da gorar ruwansa. Ranar 15 ga Fabrairu, da duniya ta keɓe don ciwon dajin yara, a ba likitoci da malaman addini fili a gidajen rediyon jiha su yi wannan bayani da harshen da uwa a ƙauye za ta gane.

Daga ɓangarenmu, a shirye muke mu kawo yaranmu da duk takardun da suka rage a hannunmu ga wanda Daraktan jiha zai wakilta, mu kuma taimaka a nemo sauran iyalan da muka sani a ƙauyuka don a buɗe rajistar da sunayensu. Muna fatan a sanar da mu rana da wurin da za mu zo.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa ku gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Wani uba, tsohon malamin makaranta,
a madadin iyayen yaran da suka tashi daga ciwon daji,
Maradi.